Amsa: ScaLAPACK ya ƙi haɗuwa da sabon gfortran

Salamu alaikum ɗan'uwa na Marwa. Ka ce ScaLAPACK, wato tarin manhajojin lissafi masu raba aiki tsakanin kwamfutoci da yawa, yana haɗuwa lafiya a tsohuwar kwamfutarka, amma a sabuwar kwamfutar, gfortran (mai haɗa manhajojin harshen Fortran) yana tsayawa da kukan "Type mismatch". Kwantar da hankalinka, ba kai ka ɓata komai ba.

Tun daga GCC 10 (ƙunshin da gfortran yake cikinsa), wanda ya fito a 2020, gfortran ya daina kau da kai idan aka kira aiki guda da nau'in bayanai daban-daban a fayil ɗaya. Da bai damu ba, yanzu kuskure yake ɗauka. Tsofaffin lambobin Fortran 77 cike suke da wannan, musamman wurin kiran MPI, tsarin aika saƙo tsakanin kwamfutocin da ke aiki tare.

Ka ƙara tutar -fallow-argument-mismatch cikin CMAKE_Fortran_FLAGS, wato saitin CMake (manhajar da ke tsara ginin), ka goge babban fayil ɗin ginin gaba ɗaya, ka sake daga farko. Ni a Garwa na kwana biyu a kansa, ga zafi, ga wuta tana ɗaukewa, ashe tsohon CMakeCache.txt, fayil ɗin da CMake ke adana saiti a ciki, ne ya riƙe saitin da.

Wannan tutar dai rufe ido ce kawai. Bayan ginin ka gudanar da gwaje-gwajen ctest (manhajar gwaji ta CMake), don Allah kada ka tsallake. In wani ya faɗi, turo mana saƙon da sigar OpenBLAS ɗinka, wato tarin manhajojin lissafin da ScaLAPACK ɗinka ke dogaro da shi.