Batir ne ko altaneta? Ka auna kafin ka sake kashe kuɗi

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka a kan Corolla ɗinka ta 2006: ka sa sabon batir bai fi wata biyar ba, yanzu da safe in ka murɗa makulli sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas, ba ta tashi sai an kawo wani batir an haɗa mata. Ka ce riwaya ya cire kan batir injin na aiki, motar ba ta mutu ba, sai ya ce altaneta lafiyarta lau, batir ɗin ne jabu, ka sayi wani.

Don Allah kada ka saya tukuna, kuma kada ka sake bari a yi wa motarka wannan gwajin. Na daɗe ina tuƙi, na zauna da masu wayarin mota sosai, kuma babu abin da ke tayar mini da hankali kamar in ga an zare kan batir injin na gudu. A zamanin Fijo 504 an yi haka an kwana lafiya, domin babu kwamfuta a cikinta. Motarka kuwa tana da birenbos, wato kwamfutar injin, kuma batir shi ne ke shanye wutar da ta yi tsalle. Da an cire shi, wutar altaneta na iya haurawa nan take ta ƙona birenbos, ko ayisi (mai daidaita ƙarfin caji) da dayod (masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) na altanetar kanta. Sannan gwajin ba ya nuna komai. Wutar da injin ke buƙata don ya ci gaba da juyawa kaɗan ce. Altanetar da ta rasa rabin ƙarfinta za ta riƙe injin, amma ba za ta cika batir ba in ka kunna fitila da AC.

Abin da zai raba gardama mita ce, irin ƙaramar nan ta masu gyaran rediyo. Ka saya ko ka ara. Ka juya ta zuwa DC 20, jan tsinke a kan mai alamar +, baƙi a kan mai alamar −.

Awo na farko da safe ne, motar ta kwana ba a tayar ba. Cikakken batir yana ba da bolt 12.6. In ka ga 12.4 ya ɗan sauka, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 kuwa ya yi ƙasa ƙwarai. In ka ga wajen 10.5, akwai magana: batir gida shida gare shi, kowane gida na ba da kimanin 2.1, to in ya tsaya a 10.5 ko bayan an yi masa caji, gida ɗaya ya mutu, kuma caji ba ya dawo da shi. Amma ka lura, 12.0 ba ta ce batir ya lalace ba, ta ce dai babu caji a cikinsa. A nan ake yi wa mutane asara, a jefar da batir mai kyau wanda yunwa kawai yake ji. Ka kai shi wurin masu caji ya kwana ya cika, sannan ka ci gaba da gwaji, domin batir marar caji yana rikita duk sauran awon.

Na biyu, mita na kan batir, wani ya murɗa makulli kai kana kallo. Lambar za ta faɗi ta dawo. In ba ta sauka ƙasa da 9.6 ba, batir na da ƙarfi. In cikakken batir ya zube zuwa 8 ko 7, ya gama aiki, ko da jiya aka saye shi. In kuma lambar ba ta motsa ba amma kik bai juya ba, ka bar batir, ka duba kawunansa da wayar asi (baƙar wayar da aka ɗaure a jikin mota) da kik ɗin.

Na uku shi ne na altaneta. Injin na aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7. Sai ka kunna manyan fitilu da AC da rediyo, a taka totur har allurar juyin injin ta kai 2,000. In ta tsaya sama da 13, altaneta na aikinta. In ta koma 12 da wani abu tana ta sauka a hankali, motar batir take ci. In ta wuce 15, ayisi ya lalace, altaneta na dafa batir: za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, gefen batir ya kumbura, ƙwayayen fitila su riƙa ƙonewa. Wannan ma yana kashe sabon batir cikin 'yan watanni. Ga masu Honda da ke cikinmu, wasu Accord da Civic da gangan suke rage caji zuwa 12 da ɗoriya in babu abin da ke jan wuta, don haka ku kunna fitila kafin ku yanke hukunci.

Ko da awon ya nuna caji ya yi ƙasa, kada a yi saurin kwance altaneta. Ka kama kan batir da hannu ka murɗa. In ya juya, ga matsala nan. Ka dubi farin garin nan mai ratsin kore da ke taruwa a kansa. Wani lokaci a sama fes, sai ka cire ka ga cikin zoben ya yi baƙi ƙirin. Ruwan zafi da samfefa sun isa, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris. Ka bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin mota, nan ma tsatsa na ɓuya. Ka duba fambel, in ya yi santsi ko yana ƙara da safe to zamewa yake. A wannan Corollar bel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa, saboda haka ranar da fitilar batir ta kama a hanya kuma allurar zafi ta fara hawa, ka tsaya nan take. Akwai kuma fis na caji a akwatin da ke cikin bonet, babba mai rubutun ALT da ƙarami ALT-S. Fitilar batir ta dashbod kuwa dole ta kama in ka buɗe makulli, ta mutu in injin ya tashi. In ba ta kamawa sam, a binciki dalili, musamman a motar da aka saya hannu na biyu.

Yadda ka ba da labarin, cewa da rana tana tashi amma in ta kwana sai ta ƙi, ni zuciyata ta fi karkata ga wani abu na shan wuta da dare. Gwajinsa ba ya cin ko sisi. Da daddare ka kashe mota, ka auna, ka cire kan batir na −, ka bar shi har safe. In da safe lambar na nan kuma motar ta tashi garau da ka mayar, batir ba shi da laifi. In ya zube alhali babu abin da ke haɗe da shi, to shi ne. Agogo da tashoshin rediyo za su goge, wannan ba komai.

Masu shan wutar sanannu ne: na'urar bin sawun mota da aka haɗa barkatai, amfilifaya, fitilar but da ba ta mutuwa, cajar waya a soket ɗin da aka ja masa wuta kai tsaye. Akwai kuma wanda ake mantawa, wato dayod ɗin altaneta. In ɗaya ya ƙone, da rana altaneta na caji sama-sama, da dare kuma wuta na komawa ta cikinta. Irin wannan altanetar za ta ci gwajin riwayanka ba tare da matsala ba. Riwayan da ya san aikinsa zai sa mita a tsakanin kan batir da wayarsa, a rufe ƙofofi a jira 'yan mintuna. Abin da motar ke ja bai kamata ya wuce amfiya 0.05 ba. Sai ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya, in bai samu ba ya cire wayar altaneta ya gani.

In ta tabbata altaneta ce, sau da yawa gawayinta ne ya cinye ko ayisi ko dayod, kuma duk ana canza su. In za ka ɗauki ta Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ku yi sharaɗi da mai kaya cewa sai an ɗaura an auna, in ba ta ba da caji ba za ka mayar. Batir ɗin kuma a cika shi a wurin masu caji, kada a bar wa altaneta wannan nauyin, yana gajiyar da ita.

Ka yi awon nan uku da na kwana, ka turo mana lambobin yadda suka fito, in sha Allahu za mu gane inda matsalar take. Allah ya sawwaƙe.