Haya a Phoenix: an ƙara kuɗi, na'urar sanyi ta mutu, ko zan riƙe kuɗin wata?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni da iyalina muna haya a Phoenix, jihar Arizona ta Amurka, dala 1,500 a wata, kuma yarjejeniyarmu za ta ƙare ƙarshen Agusta. Wani kamfani ya sayi gidan, ya aiko takarda cewa in za mu sabunta sai dala 1,800. Ga iyakwandishan ya mutu a tsakiyar Yuli, muna ta kira ba wanda ya zo. Maƙwabta sun ce mu riƙe kuɗin wata mai zuwa har a gyara. Surukata kuma ta zo za ta yi wata uku a wurinmu. Ina mafita?

Amsa: Malam, kafin komai, kada ka bi shawarar maƙwabtan nan. Da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma ita ce hanya mafi sauri da za ta kai kayanka bakin titi. Dokar mai gida da ɗan haya ta Arizona, a sashe na 33-1368, ta hana ɗan haya riƙe kuɗi sai a inda ita kanta ta ba da dama. Ranar da ka ƙi biya, kamfanin zai ba ka notis na kwana 5. In ka wuce, sai ƙara a ƙaramar kotun yankinku, kuma ana sa ranar zama tsakanin kwana 3 zuwa 6 daga fitar sammaci. Bayan hukunci da kwana 5 ana iya fitar da takardar korar, ma'aikacin kotu ya zo a canza makulli. Ka lissafa: abin bai kai mako uku ba. Kotunan gundumar Maricopa, inda Phoenix take, sun karɓi ƙararrakin korar 'yan haya sama da 80,000 a 2024, don haka alƙali ba zai zauna jin dogon labari ba. Zai tambaye ka ko ka biya, kuma ina takardar da ka rubuta.

Wannan takarda ita ce ginshiƙin maganarka. Kiran waya ba ya kafa hakki a nan. Yau ɗin nan ka rubuta wasiƙa da Turanci: adireshin gidan, ranar da na'urar ta tsaya, zafin da kake aunawa a ɗaki, da buƙatar a gyara cikin kwana 5. Ka kai ofishinsu hannu da hannu, a sa maka hannu da kwanan wata a kwafinka. In ka tura ta gidan waya da rajista, doka na ɗaukar ta isa ne ranar da aka karɓa ko bayan kwana 5 da turawa, kuma a irin wannan zafin kwana 5 ba wasa ba ne.

Ka haɗa da shaida. Dokar birnin Phoenix ta ce iyakwandishan a gidan haya dole ya iya sauko da zafin ɗaki zuwa digiri 82 a ma'aunin Faranhait, wato kusan 28 a Salsiyas. In na'urar irin mai sanyaya iska da ruwa ce, 86 ne, wato 30. Ana aunawa a tsakiyar ɗaki, ƙafa uku daga ƙasa. Saboda haka kada ka jingina ma'aunin a jikin taga inda rana ke duka, lauyansu zai yi watsi da hoton. Ɗora shi a kan kujera a tsakiyar falo, ka ɗau hoto da rana da kuma dare, agogon waya na nunawa. Sannan ka leƙa matatar iskar na'urar. Yarjejeniyoyi da yawa sun ɗora wa ɗan haya canza ta. In ta toshe da ƙura, iska ba ta wucewa, bututun ciki ya daskare da ƙanƙara, na'urar ta tsaya, kamfani ya ce kai ka jawo. In aka tabbatar laifin ɗan haya ne, duk hakkokin da ke ƙasa sun faɗi. Sa sabuwa, ka ajiye rasit.

Kotu ba ta ɗaukar sanyi a wannan gari a matsayin jin daɗi. A 2023 Phoenix ta yi kwana 31 a jere zafi na kai digiri 110 ko fiye, kusan 43 a Salsiyas, kuma gundumar Maricopa ta tabbatar da mutuwar mutum 645 a dalilin zafi a shekarar. Da dattijuwa a gidan, kada ku kwana a ciki don jiran amsa.

Bayan notis, hanya uku ce a gabanka. Ta farko, sashe na 33-1361: in abin ya shafi lafiya kuma ba a gyara cikin kwana 5 ba, kana iya raba yarjejeniyar ka tashi, matuƙar wasiƙarka ta faɗi hakan ƙarara. Ta biyu, sashe na 33-1363: ka kira ɗan kwangila mai lasisi ya gyara, ka cire kuɗin a haya, muddin bai kai dala 300 ko rabin kuɗin wata ba, duk wanda ya fi yawa. A wurinka 750 ke nan. Ana jiran kwana 10 sai dai in na gaggawa ne, kuma dole ka miƙa musu rasit dalla-dalla da takardar da mai gyaran ya sa hannu cewa ba ya bin gidan bashi. Wannan na isa in ƙaramin abu ne kamar kafasita, wato ƙaramin kayan lantarkin da ke tayar da injin, ya ƙone. In kwamfireso ne, wato babban injin na'urar, kuɗin zai zarce, ka bar wannan hanyar.

Ta uku ita na fi so maka, sashe na 33-1364. Idan mai gida ya yi sakaci wajen samar da sanyi bayan an sanar da shi, kana iya komawa otal ko wani masauki, kuma kuɗin hayar waɗannan kwanakin ya faɗi daga kanka. Kwana 10 a lissafinka dala 500 ne. In masaukin ya fi haka tsada, kana iya karɓar ƙari, amma bai wuce kashi 25 cikin 100 na abin da aka yafe ba, wato dala 125. A nan mutane ke ƙonewa: su kama otal mai tsada suna zaton kamfani zai biya duka. Ka kuma sani, in ka ɗau wannan hanyar, ba za ka haɗa ta da biyun farko a kan matsala ɗaya ba. Sauran kuɗin wata ka biya a kan lokaci, tare da takardar da ta nuna yadda ka yi lissafin.

Batun ƙarin dala 300 kuwa, doka ba ta tare da kai. Arizona ba ta da iyakar ƙarin haya, sashe na 33-1329 ma ya hana birane su kafa nasu. Abin da kake da shi: sayar da gida bai kashe yarjejeniya ba, sabon mai gida ya gaje ta, don haka 1,500 ne har ƙarshen Agusta. Ba za ka ce ƙarin ramuwar gayya ne ba, tunda ya riga ƙorafinka zuwa. Amma kasuwa na iya yi maka abin da doka ba ta yi ba. Haya ta yi tashin gwauron zabi a Phoenix a 2021 da 2022, sai aka gina sababbin gidaje masu hawa da yawa, farashi ya lafa, har wasu na ba da wata guda kyauta don a shiga. Nemo tallan gidaje uku irin naka a unguwarku, ka haɗa da tarihin biyanka, ka nemi ragi a rubuce. Gidan da ya zauna wata ɗaya babu kowa ya ci musu dala 1,800, ban da fenti da talla, kuma sun fi ka sanin haka. Ka duba takardar biyanka ma: tun 1 ga Janairun 2025 an soke harajin birni a kan hayar gidan zama, bai kamata a ci gaba da caje ka ba.

Surukarka: karanta sakin layin baƙi a yarjejeniya. Galibi an ƙayyade kwanakin da baƙo zai yi, in ya wuce ya zama mazauni marar izini, a ba ka notis na kwana 10. Wata uku ya wuce baƙunta a kusan kowace yarjejeniya, sai ka nemi a ƙara sunanta a rubuce. Doka na ɗaukar mutum biyu a kowane ɗakin kwana a matsayin iyaka mai ma'ana, kuma dokar tarayya ta 1968 ta haramta a ƙi mutum saboda ƙasarsa ta asali ko addininsa.

Maƙwabtan da ke ƙarƙashin kamfanin nan, maimakon riƙe kuɗi, kowa ya rubuta tasa wasiƙar, ku kai rana ɗaya, ku kuma kai rahoto sashen kula da unguwanni na birnin. Sashe na 33-1381 ya kare wanda ya kai ƙorafi ko ya shiga ƙungiyar 'yan haya, kuma in aka kore shi ko aka ƙara masa kuɗi cikin wata 6 bayan ƙorafin, ana ɗauka ramuwa ce har sai kamfani ya nuna akasin haka. Kariyar ba ta rufe wanda ake bi kuɗin haya.

In ka yanke shawarar tashi, kuɗin ajiyar da ka ba tsohon mai gida yana wuyan sabon. Nemi a duba gidan a gabanka, ka miƙa makulli, ka nemi kuɗinka a rubuce tare da sabon adireshi. Suna da kwanakin aiki 14 su aiko da shi da jerin abin da suka cire, in suka riƙe ba bisa ƙa'ida ba kana iya neman kuɗin da diyyar ninki biyu. Idan sammaci ya riga ya iso, kada ka ƙi zuwa kotu, ka tuntuɓi Community Legal Services a Phoenix tun ranar, suna taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta. Ka tafi da yarjejeniyar, wasiƙarka, hotunan ma'aunin da rasit ɗin masauki.