Amsa ga Malamar da ke shirya wasan kwaikwayon tarihi da 'yan aji biyu

Assalamu alaikum. Malama, na ga tambayarki tun jiya: an ɗora miki shirya wasan kwaikwayon tarihi da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, saura mako shida, ga shi babu kuɗin kirki, kina tambaya ko ki fara da ɗinkin kaya ko da zanen bango. Shekarata goma sha huɗu ina wannan aiki da yara masu irin waɗannan shekarun, don haka bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Ki jingine maganar kaya tukuna. Abin da ke kashe wasan yara shi ne a ce sai sun kwaikwayi rayuwar mutum tun daga haihuwa har kabari. Sai ki ga yaro ɗaya ya tsaya yana zuba shekaru kamar mai hadda, sauran suna tsaye kamar an dasa su, iyaye kuma sun koma hira. Ki nemo rana guda a cikin tarihin, ranar da mutum biyu suka ja daga, kowa da hujjarsa. Minti takwas zuwa goma ya ishi kowane rukuni.

Ga misalin da ya fi yi mana kyau. Mansa Musa, sarkin Mali, ya tafi aikin hajji a 1324, ya yada zango a Alƙahira zamanin Sarki al-Nasir Muhammad. Da farko yarana sun so su nuna tafiyar gaba ɗaya, da ayari da sahara da komai. Sai na karanta musu abin da marubucin tarihi al-Umari ya rubuta: jami'in fada mai karɓar baƙi ya yi ta lallashin Musa ya je ya gai da sarkin Masar, shi kuma yana ta kawo uzuri, yana cewa hajji ya fito, domin ya san in ya shiga fada za a ce ya faɗi ya sumbaci ƙasa. Daga ƙarshe ya ce zai yi sujada ga Allah da ya halicce shi, sannan ya sunkuya. Nan take ajin ya kaure da gardama. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce kare mutuncin ƙasarsa yake yi. Na ce to, ga wasanku nan, ku rubuta. Har tafinta muka samu, tunda an ruwaito cewa Musa ya iya Larabci sarai amma sai ta bakin tafinta yake magana. Wani yaro mai kunya da ba ya ko ɗaga hannu a aji shi ya ɗauki wannan matsayi, kuma shi aka fi tafa wa. Muka rufe da 'yan canji biyu a kasuwa suna kukan cewa miskalin zinariya da bai taɓa yin ƙasa da dirhami 25 ba ya faɗo 22 saboda yawan kyautar baƙon nan, abin da al-Umari ya ce ya tarar bai gyaru ba bayan shekara 12.

Wani rukunin ya yi taron Balin, wanda Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ya jagoranta daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, inda ƙasashe 14 suka shimfiɗa ƙa'idojin mamayar Afirka babu ɗan Afirka ko ɗaya a wurin. Tebur ɗaya da taswira kawai suka buƙata. Wata yarinya ce ta ce a ajiye kujera guda babu kowa a kai. Ban taɓa mantawa da shirun da zauren ya yi ba lokacin da mai ba da labari ya nuna kujerar.

Su za su rubuta maganganun, Malama, ke gyara kawai za ki yi. Ki ba kowane rukuni shafi ɗaya na abin da ya tabbata, ki ce duk abin da suka ƙara daga tunaninsu su ja masa layi a ƙasa. Ta haka suke koyon bambance tarihi da ƙirƙira, wanda shi ne ainihin darasin.

Yanzu kaya. Kowane ɗan wasa alama ɗaya yake buƙata da za a gane shi daga kujerar ƙarshe: sarki da doguwar riga da sanda, ɗan canji da ma'auni, wakilin Turawa da kwat da hular kwali. Tsofaffin zannuwan gado da labule da fil sun fi ɗinki sauƙi, kuma sukan shiga jikin kowane yaro. Duwatsu ƙanana a shafa musu ruwan ɗorawar fenti, sun zama zinariya. Takobi kuwa na kwali kaɗai, kar ki yarda ko wuƙar da ba ta ci ta shigo. Kafin su hau, ki tsaya a bakin ƙofa ki karɓe agogo da tabarau na ado, domin agogon hannu ɗaya a fadar ƙarni na 14 ya isa ya sa 'yan kallo dariya a inda ba a so.

Bango kuma manyan kwalaye ne a buɗe su, a yi zane da fentin ruwa, fuska ɗaya fada, ɗayar kasuwa, sai a juya kawai. Ki sa a kafa musu ƙafa mai kusurwa uku ta baya a danne da dutse, musamman in a fili za a yi. Yaran da ba sa son fitowa gaban jama'a su ne masu wannan aikin, kuma ki tabbata an kira sunayensu ranar wasa.

Abu ɗaya da nake roƙonki da shi: gwaji biyu cikakku da kaya a jiki, a wurin da za a yi wasan. Wata shekara mun yi raƙumi da yara biyu a ƙarƙashin bargo, ba mu gwada ba sai ranar. Na gaban ba ya gani, ya je ya ture bangon fada. An yi dariya, amma yaron kuka ya yi ta yi a bayan labule, kuma har yau abin na damuna. Tun daga nan muke huda wurin ido, mu kuma manna alama a ƙasa inda kowa zai tsaya. A lokacin gwajin ki koma can ƙarshen zauren ki zauna; duk wanda ba ki ji muryarsa ba, ko ya juya miki baya, ya sake.

In ni ce ke, mako biyu na rubutu, biyu na gwaji da takarda a hannu yayin da masu kwali ke nasu aikin, biyun ƙarshe babu takarda. Ki kuma sa kowane babban matsayi ya zama yana da wanda ya haddace shi a ajiye, domin zazzaɓi ba ya duba ranar wasa. In kin zaɓi labaranki ki turo su nan mu taya ki nemo inda gardamar take. Allah ya ba da sa'a.