Me ya sa murfin bokiti ke karkacewa in zafi ya shigo?

Tambaya: Salam malam, ina aiki a wani ƙaramin kamfanin roba a Garwa, muna buga bokiti da murfinsa da wani nau'in roba da ake kira PP. Kaya iri ɗaya muke saye amma da Maris ya kama sai murafen su riƙa fitowa a karkace, wasu bokitan ma da sun faɗi sun tsage. Oga yace algus ake mana, haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Algus kam ana yi, amma ni ruwan da ke sanyaya mul ɗinku, wato ƙarfen da ake tura narkakkiyar roba a ciki ta ɗau siffar kayan, na fara zargi.

PP ɗin nan, mai lamba 5 a gindin bokiti, dogayen zaruruwa ne da ido baya gani, yana narkewa wajen digiri 160 zuwa 165, inji kuma sai ya kai shi sama da 200 kafin ya tura shi cikin mul. To yayin da yake hucewa wasu zaruruwan sukan ninku su jeru tsaf, su ake ce wa kiristal, sauran su zauna a cukurkuɗe. In mul da sanyi robar ta daskare da wuri, kiristal ɗin su fito ƙanana, kayan ya fi jure faɗuwa. In kuwa mul ya ɗau zafi, kamar a Maris da rana ke wuce digiri 40 ruwan tankinku ya koma na wanka, sai kiristal ɗin su samu lokaci su girma su yi dunƙule dunƙule, robar ta ƙara tauri amma ta ƙara tsukewa, tsaga kuma tsakanin dunƙulen nan take bi.

Dama PP kan tsuke da kashi 1 zuwa 2.5 cikin 100. Matsalar ita ce in rabin mul ɗaya ya fi ɗaya zafi, wannan gefen sai ya fi tsukewa ya ja murfin ya lanƙwaso wajensa, karkacewar kenan.

Ka auna zafin ruwan shiga da na fita a duka ɓangarorin biyu, a wanke bututun don datti na toshe su, kuma don Allah kar a rage lokacin hucewa wai don a buga da yawa, nan ne aka fi cutar kai. Kar a jibge murafen da zafinsu, suna ci gaba da tsukewa har kwana ɗaya ko biyu. In an gyara duk wannan bokitan basu daina tsagewa ba, a duba yawan niƙaƙƙiyar tsohuwar robar da ake haɗawa, don duk narkarwa tana guntule zaruruwan.