Kwansunan da suka yi ja bayan wanki

Salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta, ka ce ka jiƙa kwansunan harsashinka a ruwan binega da gishiri suka kwana, da safe ka tarar sun yi ja-ja, kana tambaya ko za su sake ɗuruwa, wato a sake zuba musu albarushi a sa sabon kan harsashi. Na sha wannan takaicin, nawa ma ya fi naka muni.

Ni ba binega ce ta cuce ni ba, mutum ne. Wani dattijo da muke haɗuwa a filin harbi, kowa na girmama shi don ya daɗe a harkar, shi ya ce min in riƙa tsiyaya man goge tagulla irin na gwangwani a cikin garin totuwar masarar da ke injin girgiza da muke goge kwanso da shi a bushe, wai za su yi ƙyalli kamar zinare. Sun kuwa yi. Kwanso 400 na harsashi samfurin .308 da na yi shekara 2 ina tarawa, na goge, na ɗura, na jera a akwati ina ta murna. Bayan wata 7 na buɗe, na ɗauki ɗaya sai ga wani siririn layi a wuyansa kamar silin gashi, na sa farce na ji ya kama. Na biyu ma haka, wani kuwa da yatsa kawai na murɗa kan harsashin ya fito. Ranar a ƙasa na zauna, gabana na ta faɗuwa don sati ɗaya kafin nan ƙanena ya harba guda 10 daga wannan akwatin, fuskarsa dab da bindigar. Allah ne kawai ya tsare. Da na je na nuna wa dattijon nan ko kallon kirki bai yi musu ba, wai ai kwansunana ne suka tsufa, shi shekara da shekaru yana yin haka. Ko sannu bai ce min ba, kuma a gaban mutane ya faɗa kamar ni ne sakaran. Kwana 3 na yi ina zare kawunan ɗaya bayan ɗaya, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Daga baya na gano amoniya ce a cikin man. Tagullar kwanso kashi 70 jan ƙarfe ne, 30 tutiya, wuyan kuma kullum a ɗame yake don shi ke riƙe da kan harsashi, to in amoniya ta same shi a haka sai ya tsage a hankali. Tsohuwar matsala ce, sojojin Ingila a Indiya sun sha ta, harsasan da suka ajiye a bargar dawaki da damina suka riƙa tsagewa saboda amoniyar da ke fita daga fitsarin doki, sai a 1921 aka gano dalilin.

Naka daban ne, tsamin ne ya zuƙe tutiyar da ke sama ya bar jan ƙarfen, gishirin kuma ya ƙara ta'azzara abin. Ka goge ɗaya ka gani, in jan ya tafi fatar ta fito sumul to a sama ya tsaya. Amma wanda ka ga ya yi ƙananan ramuka ko jan ya ƙi fita, don Allah ka matse bakinsa da filaya ka jefar, kar ka ji tausayinsa.

Yanzu ni wankin ruwa nake yi a injin juyawa da ƙananan alluran ƙarfen nan da ba sa tsatsa, ɗigon sabulun wanke-wanke, sai garin sitirik, wato garin tsamin lemo, ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, ba ƙari. Awa 2 ya ishe su, in ɗauraye sosai. Ka fara cire tsohuwar firaima, wato ɗan maɓallin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi, kafin wanki, raminta zai fita fes kuma ruwa ba zai maƙale ba. Sannan ka leƙa kowane ɗaya a haske, allura na son tsayawa a ƙaramar ƙofar wutar nan da ke cikin ramin firaima, mayen ƙarfe zai taimake ka wajen tsince su, shi ne ma zai ware maka kwanson baƙin ƙarfe in ya shigo ciki. Kar ka haɗa kwansuna masu girma daban-daban kamar 9mm da .40 da .45 wuri ɗaya, shigewa cikin juna suke yi su cije.

Wajen busarwa kuma kar gaggawa ta sa ka ƙure musu wuta, zafi mai yawa na tausasa gindin kwanso, shi kuwa gindi in ya yi laushi ya tashi aiki. Ni a kan tawul nake baza su su kwana 2.

Wani abin da ya fi damuna ma shi ne ƙurar busasshen wanki na garin totuwa, akwai dalma a cikinta daga firaima, ni da a cikin ɗaki nake tankaɗe garin, yarana na wasa a gefe, ban sani ba. In kana da yara ka fitar da injin waje, ka sa takunkumi, ka wanke hannu kafin ka taɓa abinci.

Ka turo hoton guda 3 da suka fi yin ja, ka ɗauko wuyan da gindin kusa-kusa mu duba tare kafin ka ɗura ko ɗaya.