Amsa: Hajiya tana kemo, sanyi na damunta, ga zafin bazara

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jinya, Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne. Kin ce an fara mata kemo, wato maganin kansa da ake sawa ta ƙarin ruwa, na kansar babban hanji, yanzu ko fiya wata mai ɗan sanyi ta kurɓa sai ta ji maƙogwaronta ya shaƙe, hannunta na zogi in ta taɓa abin firji, ga zafin Afrilu kuma ta ƙi AC, kin rasa yadda za ki yi da ita. Toh ni ma ta nan na bi, kuma a tsakiyar bazara aka yi min nawa.

Ki duba takardar maganinta, kusan tabbas za ki ga sunan oxaliplatin a ciki. Shi ne a haɗin FOLFOX da ake yi duk sati 2, shi ne kuma a CAPOX na duk sati 3 wanda ake haɗawa da ƙwayar capecitabine. Maganin yana tsokanar jijiyoyin da ke kai saƙon taɓi ne, sai su riƙa ɗaukar ɗan sanyi kaɗan a matsayin ciwo, a yatsu da tafin ƙafa da leɓe da maƙogwaro. Ni in na kama marfin firji ji nake kamar wutar lantarki ta ja ni har gwiwar hannu. Dan Allah kar kowa a gidan ya ce mata raki ne, wallahi ba raki ba ne. Yakan fara awanni bayan ƙarin ruwan ko washegari, ya yi kwanaki sannan ya lafa, sai dai yayin da ake ƙara zagaye kwanakin kan ƙara tsawo.

Abin da ya fi ba ni tsoro a maganarki shi ne ruwan nan da ta rage sha. Mutum ya saba da na sanyi, an hana shi, na ɗumi kuma ba ya masa daɗi ga bakin ma ya canza ɗanɗano, sai ya haƙura da shan gaba ɗaya, alhali gari ya haura digiri 40 kuma maganin kan kawo gudawa da amai. Nan jiki ke bushewa a kwantar da mutum asibiti. Saboda haka ki ajiye mata gora a gefenta wadda ba ta taɓa shiga firji ba, ta riƙa kurɓa kaɗan kaɗan ba sai ƙishi ya kama ta ba. In ruwan zalla ya gundure ta ki yi zoɓo ko ruwan tsamiya a gida da tafasasshen ruwa ki bar shi ya huce da kansa, kankana ma ki wanke bayanta ki yanka da kanki, ban da wadda aka yanka ta yini a tire a bakin titi, saboda garkuwar jikinta ta yi ƙasa yanzu. Haka nonon da ba a dafa ba, a ɗan dakata da shi. Ranar da gudawa ta zo a haɗa ORS, in babu na leda toh lita 1 ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki lura da fitsarinta, in ya yi ja ya ragu, ruwan bai isa ba.

Ruwan randa kuwa ki gwada a hankali. Ni a kwanakin farko ko shi ba na iyawa, sai an sirka min, amma in aka kwana biyu ya lafa yana shiga lafiya lau. Ki cire moɗar ƙarfen ki sa ta roba ko ƙoƙo, cokali ma haka.

Maganar sanyaya jiki, zafinmu na kafin damina busasshe ne, shi ya sa jiƙa jiki yake aiki sosai ba sai da ƙanƙara ba. Ki jiƙa ɗan zani mara nauyi da ruwan da ba sanyi ba zafi ki yafa mata a baya da kafaɗu, ki kunna fanka tana juyawa kar ta tsaya a fuskarta, ki bar tafin hannu da ƙafa da wuya a bushe. In ya bushe ki sake jiƙawa. Ni da haka na riƙa samun barcin rana, in an ɗauke wuta mafici ma yana yi. Tagogin da rana ke bugawa a rufe da labule mai kauri tun hantsi, a buɗe bayan magariba, ta koma ɗakin da ya fi nisa da kwano ko gindin bishiya in akwai. AC ba haramun ba ne, a sa shi wajen 27 a karkatar da iskar sama, ta sa safa. Eh safa a bazara, saboda tayil ɗin ɗaki da asuba yana cizon ƙafa ba kaɗan ba.

Alwala ce ta fi wahalar da ni gaskiya, musamman ta asuba, kurkurar baki da shaƙa ruwa. Ki tanadi fulas ki riƙa sirka mata a buta. Amma fa ki taɓa da kanki kafin ki miƙa mata, don ruwan tankin sama da azahar tafasa yake, ita kuma yatsunta ba lallai su gane zafin ba, ga capecitabine ɗin da 5-FU, wani maganin da ke cikin haɗin FOLFOX, suna sa tafin hannu da ƙafa su yi ja su yi tsami, ruwan zafi ƙara musu yake. Suna kuma sa rana ta ƙona fata da wuri, in fita ta kama a yi da sassafe da lema. Ranar asibiti ki tafi da mayafi mai kauri ta rufe hanci da baki in ɗakin akwai AC. Azumin nafila ko ramuwa a jinkirta har likita ya yarda, Allah ya yi wa mara lafiya rangwame.

In shaƙewar nan ta zo, ki zaunar da ita ta kurɓi ruwan ɗumi ta yi numfashi cikin tafin hannunta, yawanci iska na shiga, jin ne kawai, kuma yana wucewa cikin mintuna. Amma in kin ga leɓe ko fuska sun kumbura, ko ƙuraje sun feso, ko numfashin na fitar da ƙara, wannan asibiti ne nan take. Ki sayi ma'aunin zafin jiki yau ɗin nan, don a wannan yanayin kowa jikinsa zafi yake ba za ki gane da hannu ba, in ya kai 38 kar ki ba ta farasitamol ki ce a ga safiya, ku tafi ko tsakar dare ne.

Sannan duk zuwa ganin likita ta faɗa masa kwana nawa abin ya yi mata, ki riƙa rubutawa a takarda. Iyayenmu akwai kawaici, za ta ce da sauƙi alhali ba sauƙin. In dindirisin ya daina tafiya har zagaye na gaba ya zo, ko ɗaura ɗankwali da jan carbi sun fara gagararta, ko takalmi na fita ba ta sani ba, lallai ya ji, saboda a nan ne yake rage maganin ko ya cire oxaliplatin ɗin a ci gaba da sauran kafin jijiyar ta samu illa mai daɗewa. Ki gaishe min da Hajiya da jiki.