Ƙuri'a ko cancanta: yaya za a tsara wasannin ƙarshen kaka na besbol ɗin yara cikin adalci?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina zaune a birnin New York na Amurka, ɗana ɗan shekara 12 yana buga besbol a lig ɗin unguwarmu mai ƙungiyoyi 6, kuma dokokin Little League, hukumar besbol ɗin yara, muke bi. A kakar da ta wuce ƙungiyarsu ta ci wasa 12 cikin 15, ita ce ta ɗaya. Da aka zo wasannin fidda zakara sai kwamiti ya jefa ƙuri'a, ta haɗa su da ƙungiya ta biyu a wasan farko, aka doke su, shi ke nan. Ƙungiyar da ta zo ta biyar ce ta ɗauki kofi. Wasu iyaye sun ce ƙuri'a ita ce adalci tunda ba ta san ɗan kowa ba. Bana an sa ni cikin kwamitin. Wane tsari zan kai musu?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaron, ya yi masa albarka.

Iyayen da suka ce ƙuri'a ba ta san ɗan kowa ba gaskiya suka faɗa, amma ba ta san wahalar kowa ba ita ma. Yara sun yi wata biyu ko uku suna zuwa atisaye, sun buga wasa 15, sannan aka ce musu duk wannan bai ƙara musu komai ba. Duba lissafin: idan an raba ƙungiyoyi 6 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, uku nan uku can, yiwuwar ta ɗaya da ta biyu su faɗa ɓangare guda ita ce 2 cikin 5. Wato kusan rabin lokaci manyan ƙungiyoyinku biyu ba za su iya haɗuwa a wasan ƙarshe ba, dole ɗaya ta kori ɗaya tun da wuri. Saboda haka abin da ya same ku abu ne da zai riƙa maimaituwa muddin tsarin bai canza ba.

Ba na cewa ƙuri'a ba ta da gurbi. Babbar gasar besbol ta makarantun sakandare a duniya, wadda ake yi a filin Koshien na Japan kowane bazara, da ƙuri'a ake haɗa ta. An fara ta a 1915, makarantu 49 ke zuwa, kuma sili ɗaya ƙwale ce. Sai dai akwai dalili. Kowace makaranta zakarar yankinta ce, kuma yawancinsu ba su kara da juna a kakar ba, don haka babu ma'aunin da za a ce wannan ta fi waccan. Ku kuwa kowace ƙungiya ta kara da kowace har sau uku. Kuna da ma'auni a hannu, jefa ƙuri'a a kansa watsar da hujja ne.

To, a jera ƙungiyoyin bisa sakamakon kaka, kuma a jera su da kason nasara, ba da yawan wasannin da aka ci ba. Wannan yana da muhimmanci a besbol saboda ruwan sama na soke wasa, kuma ba kullum ake samun ranar ramuwa ba. Ƙungiyar da ta ci 10 cikin 15 tana da kusan kashi 67 cikin 100, wadda ta ci 9 cikin 13 tana da kusan kashi 69. Ta biyun ce a sama duk da wasanninta sun fi kaɗan. Idan aka yi kunnen doki, a fara duba wa ya fi cin wani a karawarsu. Idan bai warware ba, a duba makin da aka ci kowace ƙungiya, a raba shi da yawan zangon da ta yi tana tsare fili, wato lokutan da ita ke jifa da tsaro, abokiyar karawarta na dukan ƙwallo. Little League ma da irin wannan ma'auni take raba gardama a gasanninta na rukuni. Ina roƙonka kada ka yarda a yi amfani da yawan makin da ƙungiya ta ci, ko ratar maki marar iyaka. Ranar da aka yi haka, an ba koci dalilin ya ci gaba da jibgar yara 'yan shekara 11 da 20 da nema alhali wasa ya riga ya ƙare, kuma irin wannan ranar ce ke sa yaro ya ajiye safar hannunsa ya ce ya daina.

Bayan an jera su, haɗin ba shi da wuya. Ta 3 ta kara da ta 6, ta 4 ta kara da ta 5, ta 1 da ta 2 su tsallake zagayen farko. Ta 1 ta jira wadda ta yi nasara tsakanin 4 da 5, ta 2 ta jira ɗayar. Ta haka manyan biyun ba za su haɗu da wuri ba.

Amma da a nan maganar ta tsaya, da ban ba ka rabin amsa ba, domin besbol wasa ne da babba ke faɗuwa a hannun ƙarami fiye da yadda masu kallon ƙwallon ƙafa suka saba gani. Ƙungiyar Seattle Mariners ta ci wasa 116 a kakar 2001, ba wadda ta taɓa wuce wannan adadi a manyan lig na Amurka, amma duk da haka an doke ta sau 46 a kakar, kuma ba ta kai zagayen ƙarshe na cin kofi ba. A gasar jami'o'i ta NCAA, wadda aka mai da ita ta ƙungiyoyi 64 a 1999, Miami ta shiga a matsayin ta ɗaya a ƙasa ta kuma ɗauki kofi a shekarar. Ba a sake ganin ta ɗaya ta yi haka ba sai Tennessee a 2024. A 2008 kuwa Fresno State ce ta ci, alhali ita ce ta huɗu, wato ta ƙarshe, a rukuninta na farko. Idan ƙwararru da 'yan jami'a haka suke, ina ga yara, waɗanda mai jifa ɗaya mai ƙarfi, wato mai jefa wa masu duka ƙwallo, zai iya rufe bakin ƙungiya guda a yini ɗaya? Ko da an jera ku daidai bara, wasa ɗaya zai iya fitar da ku.

Shi ya sa nake ba ku shawarar tsarin rai biyu, wanda ba a fitar da ƙungiya sai an doke ta sau biyu. Wadda ta faɗi sau ɗaya sai ta koma ɓangaren waɗanda aka doke, ta ci gaba da fafutuka daga can. Da shi ake buga rukunan farko na NCAA, da shi kuma ake tace ƙungiyoyi 8 da ke isa matakin ƙarshe a Omaha ta jihar Nebraska. Kuɗinsa shi ne lokaci: sili ɗaya ƙwale na ƙungiyoyi 6 wasa 5 ne, rai biyu kuwa wasa 10 ne ko 11. Kowane yaro zai buga aƙalla wasa biyu, kuma wannan kaɗai zai kwantar da hankalin iyayen ƙananan ƙungiyoyi da ƙila za su ƙi amincewa.

Akwai wurare biyu da kwamitoci ke yawan ɓata wannan tsari. Na farko, idan ƙungiya ta faɗo ɓangaren waɗanda aka doke, a tsallaka da ita ɗaya gefen, don kada ta sake cin karo nan take da wadda suka riga suka kara. Na biyu shi ne wasa na 11. A wasan ƙarshe, ƙungiya ɗaya ba a taɓa doke ta ba, ɗayar kuwa an doke ta sau ɗaya. Idan ta biyun ta yi nasara, kowace ta faɗi sau ɗaya ke nan, sai a sake karawa. Za ka ji wani ya ce ai a babbar gasar Little League ta duniya da ake yi a Williamsport ta jihar Pennsylvania ba a yin haka, wasan fidda zakaran ɓangaren Amurka da na ɓangaren ƙasashen waje sau ɗaya ake buga shi ko da ƙungiya ba ta taɓa faɗuwa ba. Haka ne. Amma su suna da ƙungiyoyi 20 da lokacin talabijin da ya ɗaure su. Ku ba abin da ya ɗaure ku sai ranar fili ɗaya, kuma hana ƙungiyar da ta fi kowa ƙoƙari ranta na biyu, alhali kowa ya mori nasa, rashin adalci ne ƙarara a wurina.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, domin shi ne wanda ba ya fitowa a zanen jadawali: hutun masu jifa. A dokar Little League, ɗan shekara 11 ko 12 ba ya wuce jifa 85 a rana. Idan ya yi jifa 66 ko fiye, sai ya huta kwana 4 cur. Daga 51 zuwa 65 kwana 3, daga 36 zuwa 50 kwana 2, daga 21 zuwa 35 kwana 1. Yaron da ya yi jifa 70 ranar Asabar ba zai sake hawa tudun jifa ba sai Alhamis. Ƙungiyar unguwa kuma da wuya ta mallaki masu jifa nagari fiye da biyu ko uku.

Ka ga ke nan ranakun da aka sa wasanni sun fi lambar matsayi tasiri. Idan an buga zagayen farko Asabar, na biyu Lahadi, ta 4 ta riga ta ƙona gwanin mai jifanta, za ta fuskanci ta 1 wadda nata gwanin ke a huce. Wannan gata ne babba, kuma ta 1 ta cancanci wani abu daga cikinsa. Idan kuwa aka bar mako guda tsakani, tsallake zagayen bai amfane ta da komai ba ta fuskar jifa. A ɓangaren waɗanda aka doke abin ya fi tsanani. Ƙungiyar da ta faɗi a wasanta na farko sai ta buga wasa 6 kafin ta ɗauki kofi, ta 1 kuwa idan ba ta faɗi ba wasa 3 ya ishe ta. Idan aka cusa wasannin nan 6 cikin kwana 4, rai na biyun suna ne kawai, domin a kwana na uku yaron da bai taɓa jifa ba za a ɗora. Ra'ayina shi ne a shimfiɗa gasar a kan kamar mako biyu, kada ƙungiya ta buga wasa biyu a rana guda, kuma a bar aƙalla kwana biyu kafin wasan ƙarshe. Ta haka wadda ba ta faɗi ba za ta zo da gata, amma ɗayar ma za ta zo da mai jifa.

Kada kuma wani ya kawo shawarar a sassauta dokar jifa saboda “wasan kofi ne”. A Koshien ta 2018, Kosei Yoshida na makarantar Kanaashi Nogyo ya yi jifa 881 a gasa ɗaya, ya isa wasan ƙarshe a gajiye, Osaka Toin ta doke su 13 da 2. Bayan muhawara mai tsawo hukumar wasan makarantun Japan ta sa iyakar jifa 500 a mako. Kafaɗa da gwiwar hannun ɗan shekara 12 ba su gama ƙwari ba, jadawali ne ya kamata ya bi dokar hutu.

Saura ƙaramin abu: wa zai yi duka a ƙarshe? Ƙungiyar da ake ɗauka a matsayin mai masauki ita ke da dukan ƙarshe, ta san makin da take nema. A ba wadda ta fi matsayi wannan, a wasan ƙarshe kuma a ba wadda ba a doke ba. Idan an kai wasa na 11, a jefa kwabo.

Duk wannan ka kai shi gaban kwamiti kafin a buga wasan farko na kaka, lokacin da babu wanda ya san matsayin da ƙungiyar ɗansa za ta ƙare. A rubuta shi a shafi ɗaya, har da abin da za a yi idan ruwa ya soke wasa, kowane koci ya sa hannu, a raba wa iyaye. Tunda kowa ya san abin da ya faru da ƙungiyar ɗanka bara, zai fi kyau ka nemi kocin ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka ƙare a ƙasa ya karanta daftarin tun farko, ku gabatar da shi tare.